Ko bin umarni na wanke ɗan sanda ko soja daga laifi?

A ranar 9 ga watan Maris na shekarar 2017 ne wata babbar kotu a Abuja ta yanke wa wasu 'yan sanda biyu hukuncin kisa, bayan ta same su da laifin kashe biyu daga cikin wasu matasa shida da aka hallaka a birnin a watan Yunin 2005.

Matasan, wato 'yan kasuwa biyar masu sayar da kayayyakin gyaran mota a unguwar Apo da kuma wata budurwa, suna kan hanyarsu ta komawa gida ne cikin dare lokacin da aka buɗe wa motarsu wuta a wani shingen 'yan sanda.

Da farko 'yan sanda sun ce 'yan fashi ne suka kashe, to amma kwamitin binciken shari'a da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa ya gano cewa ba haka lamarin yake ba.

A bayanan da suka bai wa masu bincike, 'yan sandan biyu sun amsa cewa su ne suka harbe mutane biyun da suka tsira daga harbin farko, sai dai sun ce baturen 'yan sandan yankin ne ya umarce su.

Alƙalin kotun, Mai shari'a Ishaq Bello, bai karɓi wannan hanzari ba.

Shi dai baturen 'yan sandan da aka ambata ya tsere daga hannun hukuma tun a 2005, yayin da kotun ta sallami sauran jami'ai uku, ciki har da wani mataimakin kwamishina, saboda rashin isassun hujjoji.

Wannan shari'a ta sake tayar da wata tsohuwar tambaya da ta shafi duk wani mai sanye da kaki: idan na gaba ya ba da umarnin da ya saɓa wa doka, na ƙasa kuma ya aiwatar, wa zai ɗauki alhaki?

Dalilin biyayya

Babu rundunar da za ta iya aiki ba tare da biyayya ba. Tun daga ranar farko a sansanin horo ake koya wa kurtu ya bi umarni ba tare da jayayya ba, domin a fagen daga jinkirin daƙiƙa kaɗan na iya jawo asarar rayuka.

Saboda haka ne dokokin soja a ko'ina a duniya suka tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya bijire.

A watan Disambar 2014, alal misali, wata kotun soja a Najeriya ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, duk da cewa sun yi ƙorafin rashin isassun makamai. Bayan shekara guda ne rundunar sojan ta mayar da hukuncin zuwa ɗaurin shekaru 10.

Sai dai kuma akwai kalma guda da ake yawan mantawa da ita. Abin da dokar rundunonin sojan Najeriya ta haramta shi ne bijire wa umarni na halal, wato wanda doka ta amince da shi.

Umarnin fita yaƙi na halal ne, ko da kuwa yana tattare da haɗarin mutuwa. Umarnin harbe fursunan da ke ɗaure, ko azabtar da wanda ake tuhuma, ko ƙona gidajen fararen hula, bai shiga wannan sahu ba.

Daga Leipzig zuwa Nuremberg

Kotuna sun shata wannan iyaka a fili bayan yaƙin duniya na ɗaya.

A watan Yunin 1918 wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin teku ya nutsar da jirgin ruwan jinya mai suna Llandovery Castle, sannan aka buɗe wuta kan waɗanda suka tsira cikin kwale-kwalen ceto. Mutane 234 ne suka mutu.

A 1921 kotun ƙolin Jamus da ke Leipzig ta ɗaure wasu hafsoshi biyu shekaru huɗu-huɗu, ko da yake sun ce umarnin kwamandansu suka bi. Kotun ta ce kowa ya san harbin mutanen da ke neman tsira a teku laifi ne, don haka ba su da uzuri.

Abin lura shi ne, a wannan shekarar ce kotun ta wanke wani kwamanda da ya nutsar da wani jirgin jinya mai suna Dover Castle, bisa hujjar cewa umarnin ya fito ne daga hedkwatar sojan ruwa, kuma ya yi imanin cewa ramuwar gayya ce da doka ta yarda da ita.

Bambancin shari'o'in biyu shi ne sani. Wanda ya san abin da aka sa shi laifi ne, ko kuma ba yadda za a yi a ce bai sani ba, to ba shi da mafaka.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne aka mayar da wannan ƙa'ida dokar ƙasa da ƙasa.

Sashe na 8 na yarjejeniyar da ta kafa kotun Nuremberg a 1945 ya tanadi cewa bin umarnin gwamnati ko na wani shugaba ba ya wanke wanda ake tuhuma, amma kotu na iya yin la'akari da shi wajen sassauta hukunci.

Wilhelm Keitel, babban hafsan hafsoshin Hitler, ya kare kansa da cewa shi soja ne mai biyayya. Kotun ta same shi da laifi, ciki har da isar da umarnin a kashe sojojin ƙundumbala na abokan gaba da aka kama, aka kuma rataye shi a watan Oktoban 1946.

A 1950 hukumar dokokin ƙasa da ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara darussan shari'ar a matsayin ƙa'idoji, inda ta huɗu ta ce umarni ba ya sauke alhaki muddin mutum yana da damar zaɓi.

Baƙar tuta a Kafr Qasim

To amma ta yaya kofur ko saje, wanda bai karanta shari'a ba, zai gane umarnin da ya saɓa wa doka a cikin daƙiƙu kaɗan?

Amsar da aka fi ambatawa ta fito ne daga shari'ar kisan kiyashin da aka yi wa Larabawa a ƙauyen Kafr Qasim.

A ranar 29 ga watan Oktoban 1956, ranar da yaƙin Suez ya ɓarke, hukumomin sojan Isra'ila sun kafa dokar hana fita a wasu ƙauyukan Larabawa daga ƙarfe 5 na yamma, tare da umarnin a harbe duk wanda ya karya ta.

Mutanen da ke gonaki da wuraren aiki ba su sami labari ba. Yayin da suke komawa gida, 'yan sandan kan iyaka suka riƙa tare su a bakin gari suna harbewa. An kashe mutane 48, ciki har da mata da ƙananan yara.

A wasu ƙauyukan da ke kusa, hafsoshin da suka karɓi umarni iri ɗaya ba su aiwatar da shi haka ba, suka bar mutane suka shiga gidajensu.

A hukuncin da ya yanke a 1958, alƙali Benjamin Halevy ya ce akwai umarnin da haramcinsa ke kaɗawa a kansa tamkar baƙar tuta, wanda ba sai masanin shari'a ne zai gane shi ba, domin ido na ganinsa, zuciya kuma na ƙyamarsa.

Ma'ana, doka ba ta buƙatar soja ya tsaya nazarin kowane umarni. Inda ake da shakka, na ƙasa na da kariya, alhakin kuma na kan wanda ya ba da umarnin. Inda haramcin ya fito fili ƙarara, wajibi ne ya ƙi.

Kotun ta ɗaure mutane takwas, kuma hukunci mafi tsawo shi ne shekaru 17. Sai dai zuwa 1960 babu ko ɗayansu da ya rage a kurkuku.

Shi kuwa Kanar Issachar Shadmi, kwamandan da ke kula da yankin, tarar ƙaramin tsabar kuɗi guda aka ci shi.

Idan an yi barazanar kisa fa?

Akwai bambanci tsakanin bin umarni da kuma tilastawa, wato halin gaba kura baya siyaki, inda aka ce wa mutum ko ya kashe ko a kashe shi.

Kotun hukunta laifukan yaƙi ta tsohuwar Yugoslabiya ta fuskanci wannan matsala a shari'ar Drazen Erdemovic, wani matashin soja a rundunar Sabiyawan Bosniya.

A watan Yulin 1995, bayan faɗuwar garin Srebrenica inda aka kashe Musulmi maza kimanin 8,000, an sa shi cikin ayarin masu harbe fursunoni a wata gona.

Ya shaida wa kotu cewa ya nuna ƙin yarda, sai aka ce masa in yana tausayinsu to ya shiga layinsu. Ya amsa cewa ya kashe mutane kimanin 70 da hannunsa.

A 1997 mafi rinjayen alƙalan ɗaukaka ƙara, uku daga cikin biyar, suka yanke cewa tilastawa ba ta zama cikakkiyar kariya ga sojan da ya kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, amma tana iya jawo sassauci.

An ɗaure shi shekaru 5, bayan an yi la'akari da nadamarsa da kuma shaidar da ya bayar a kan manyansa.

Malaman fiƙihu sun tattauna irin wannan mas'ala tun ƙarnoni da dama da suka wuce. Sun haɗu a kan cewa tilastawa ba ta halatta wa mutum kashe wani don ya tsira, domin ransa bai fi na ɗan uwansa daraja ba.

Inda suka saɓa shi ne wanda za a yi wa ƙisasi. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a Afirka ta Yamma, ana yin ƙisasi ne a kan wanda ya tilasta da wanda aka tilasta baki ɗaya, yayin da Imam Abu Hanifa ke ganin yana kan wanda ya tilasta.

Game da biyayya ita kanta, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata runduna da kwamandanta ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya umarci mutanensa su shiga, suka ƙi. Da labari ya je wa Manzon Allah (SAW), sai ya nuna cewa sun yi daidai, ya kuma bayyana cewa a cikin abin da yake na alheri ne kawai ake yin biyayya.

Abin da dokokin Najeriya suka tanada

Kotun ƙolin Najeriya ta taɓo wannan batu tun a 1972, a shari'ar Pius Nwaoga, wani hafsan sojan Biyafara.

A lokacin yaƙin basasa, a 1969, an tura shi tare da wasu cikin kayan gida zuwa wani gari kusa da Enugu da ke hannun dakarun tarayya, inda suka kashe wani mutum da ba ya ɗauke da makami.

Nwaoga ya ce umarni aka ba shi. Kotun ta tabbatar da hukuncin da aka yanke masa na laifin kisan kai, tana mai cewa kashe mutumin da ke zaune lafiya ba tare da makami ba laifi ne ko da a lokacin yaƙi.

Sashe na 32 na kundin dokokin manyan laifuka da ake aiki da shi a kudancin ƙasar ya ba da kariya ga wanda ya bi umarnin hukumar da doka ta wajabta masa yi wa biyayya, amma ya cire umarnin da haramcinsa ya fito fili.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin rayuwa a sashe na 33, ya kuma haramta azabtarwa a sashe na 34.

Haka nan dokar hana azabtarwa ta 2017 ta fito ƙarara ta ce ba za a kafa hujja da umarnin na gaba ba, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekaru 25.

Najeriya ta kuma shiga yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke birnin Hague, a shekarar 2001.

Sashe na 33 na yarjejeniyar ya ce ba za a karɓi hanzarin bin umarni ba sai an cika sharuɗɗa uku a tare: ya kasance doka ta wajabta wa mutum biyayya, bai san umarnin haramtacce ne ba, kuma haramcin bai fito fili ba.

Umarnin aikata kisan ƙare dangi ko laifin cin zarafin bil'adama kuwa, yarjejeniyar ta ce haramcinsa a fili yake a kowane hali.

Alhakin na sama

Ɗora alhaki a kan wanda ya harba bindiga bai sauke shi daga kan wanda ya ba da umarni ba. Kamar yadda Hausawa ke cewa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A dokar ƙasa da ƙasa, wanda ya ba da umarnin aikata laifi yana ɗaukar alhakinsa tamkar wanda ya aikata.

Ko da bai ba da umarni ba, sashe na 28 na yarjejeniyar Rum ya ce za a iya kama kwamanda da laifi idan ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa dakarunsa na aikata ta'asa, amma bai hana ba, bai kuma hukunta ba.

A 1946 an rataye Janar Tomoyuki Yamashita na Japan saboda ta'asar da dakarunsa suka yi a Filifins.

A 2016 kuma wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa tsohon shugaban Chadi, Hissene Habre, ɗaurin rai da rai saboda kashe-kashe da azabtarwar da aka yi a zamanin mulkinsa, daga 1982 zuwa 1990.

To amma irin waɗannan shari'o'i ba su da yawa. Abin da aka fi gani shi ne, igiya kan tsinke ne a kan ƙananan jami'ai.

Dalili kuwa shi ne, ana iya gane wanda ya yi harbi ta hanyar shaidu da harsashi, amma umarnin da ya saɓa wa doka ba kasafai ake rubuta shi ba. Da baki ake bayarwa, ko ta waya, wani lokacin ma da habaici, kuma ranar shari'a mai shi kan musanta.

Wani lokacin kuma babu wanda ake gurfanarwa sam, sai dai a biya diyya daga baitulmali.

A watan Nuwamban 1999 sojoji sun rusa garin Odi da ke jihar Bayelsa bayan kisan wasu 'yan sanda 12, kuma a 2013 wata babbar kotun tarayya ta umarci gwamnati ta biya al'ummar garin naira biliyan 37.6.

A jihar Kaduna, kwamitin binciken shari'a kan arangamar Zariya ta watan Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci ya ce an binne gawarwaki 347 a kabari guda, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu. Ƙungiyar Amnesty International ta shafe shekaru tana ƙorafin cewa ba a aiwatar da wannan shawara ba.

Waɗanda suka ƙi

Tarihi ya nuna cewa ko a tsakiyar ta'asa akan sami masu ƙin shiga.

A ranar 16 ga watan Maris na 1968 sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan fararen hula a ƙauyen My Lai na ƙasar Vietnam. Rundunar sojan Amurka ta ce mutane 347 ne, hukumomin Vietnam kuwa suka ce 504.

Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, da ya hango abin da ke faruwa, sai ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da wasu ƙauyawa da suka ɓuya, ya sa aka kwashe su, sannan ya kai rahoto ga manyansa.

Laftanar William Calley shi kaɗai aka samu da laifi. Ya ce umarnin kyaftin ɗinsa ya bi, amma a 1971 kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai saboda kisan mutane 22. Daga bisani aka sassauta hukuncin, ya yi kimanin shekaru uku da rabi a tsare, akasari a gida.

Shi kuwa Thompson ya sha tsangwama da barazana, kuma sai a 1998, bayan shekaru 30, rundunar ta ba shi lambar yabo.

Wannan ne ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindigogi, waɗanda aka amince da su a birnin Havana a 1990, suka haɗa abubuwa biyu.

Na farko, ɗan sanda ba zai fake da umarni ba idan ya san haramtacce ne kuma yana da damar ƙi. Na biyu, bai kamata gwamnati ta hukunta jami'in da ya ƙi bin irin wannan umarni, ko ya kai rahotonsa ba.

Sharaɗi na biyun ne ya fi wuyar samu a aikace. Ƙaramin jami'i na fargabar kora, ko ɗauri a bariki, ko sauyin wurin aiki zuwa inda ake gwabza faɗa, alhali yana da iyalin da suka dogara da albashinsa.

Matakan da kan rage wannan matsi sanannu ne: koyar da iyakokin biyayya tun a makarantun horo, rubuta umarnin amfani da bindiga tare da sunan wanda ya bayar, samar da hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba, da kuma bincike mai zaman kansa a duk lokacin da aka kashe mutum.

A shari'ar Apo, shekaru kusan 12 iyalan mamatan suka jira kafin a yanke hukunci.

A ranar da aka yanke shi, ƙananan jami'an biyu da suka ce umarni suka bi ne suka fita daga kotu da hukuncin kisa a kansu, wanda suka ce ya ba su umarnin kuwa ba ya cikin kotun.